Kayanku suna nan, fihirisa ce ta karye

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, masu shaguna da kantunan magani da ke aiki da manhajarmu a Garwa, Marwa da Ngaundere.

Tunda zafi ya shigo ake yawan ɗauke wuta, wayarmu ba ta huta ba. Kukan iri ɗaya ne: an nemi sunan mai bashi kwamfuta ta ce babu shi, ko buhunan shinkafa suna jibge a sito amma allo ya nuna sifiri. Wani Alhaji ya zo ofishinmu da yaron shagonsa a gaba, ya rantse yaron ne ya goge lissafi. Muka buɗe ainihin teburin, wato fayil ɗin da bayanan ke ciki, ga sunaye da bashin kowa, ko dala ba ta ɓata ba. Alhaji ya ba yaron haƙuri, mu ma muka ji daɗi.

Ga yadda abin yake. Manhajarku an gina ta da FoxPro ne, wani tsarin ajiyar bayanai a kwamfuta. Bayananku suna zaune a fayil mai ƙarewa da .dbf, a gefensa kuma akwai wani mai .cdx, shi ne fihirisa. Ku ɗauke shi kamar jerin sunayen da mai shago ke rubutawa a bangon littafin bashi: Malam wane, shafi kaza. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, littafin yakan karɓi sabon layi, jerin bai karɓa ba. Daga nan kwamfuta sai ta riƙa buɗe shafin da ba shi ba.

Gyaran ba wuya. Mukan fara kwafe komai a faifai daban, sannan kowa ya fita daga manhajar, domin sai teburin yana hannun mutum ɗaya ake iya sake gina fihirisa. Umarnin REINDEX yakan wadatar. In farkon fayil ɗin fihirisar ne ya lalace, REINDEX ba shi da abin kamawa, sai mu zubar da tsohuwar fihirisar mu gina sabuwa daga tushe.

Abin da muke roƙonku: in suna ya ɓace, kada ku sake shigar da shi. Bayan gyara zai fito sau biyu, a bi bawan Allah bashin da ya riga ya biya. Kuma kada wani ɗan'uwa da ya iya kwamfuta ya danna muku PACK. Abin da aka goge a FoxPro alama kawai ake sa masa, ana iya dawo da shi. PACK kuwa share shi yake har abada.

Gaskiyar da ba mu son ɓoye muku ita ce manhajar ta tsufa. Microsoft ta daina kula da Visual FoxPro tun 2015, kuma teburinsa ba ya wuce gigabayit 2. Wasunku sun kusa kai wa bakin. Maganar ƙaura zuwa sabuwar manhaja za mu yi ta da kowa a shagonsa, ba gaggawa.

Kafin nan, ku sayi onduleur, wato na'ura mai batir da ke ba da wuta in an ɗauke, ko ƙarami ne, ya riƙe kwamfuta mintunan da za a rufe ta lafiya. Za mu fara zagaye ranar Litinin daga Garwa, bayan sallar la'asar. Wanda ke da yarjejeniyar shekara da mu ba zai biya ko sefa ɗaya ba.

Allah ya ba da kasuwa.

Naku,
Masu kula da manhajarku, Garwa