Wasiƙa zuwa ga ɗana da ya fara aikin kimanta gine-gine

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya baƙunta a sabon ofis. Ummanka ta ce min ka fara bin ogan naka kuna zagaya plaza da sito-sito kuna yi musu kuɗi, toh Allah ya sa albarka. Akwai maganar da nake so ta zauna maka tun yanzu shi yasa na rubuto.

Kaga aikin nan naka gaba ɗayansa lamba ɗaya ce a ƙasan rahoto, amma mutane da yawa ne ke rataye da ita. Mai plaza zai kai gininsa jingina banki, su kuwa banki takardarku suke kallo su ba da rance, har ma su ce ku rubuta musu farashi biyu, na kasuwa da kuma wanda za a samu in an sayar da gaggawa. A nan ne mai gini zai ja ka gefe ya sa a kawo maka lemo, ya ce haba ɗana ɗan ɗaga min mana ai ba wani abu bane, wani ma har ambulan zai tura maka aljihu. Wallahi kar ka karɓa. Ranar da bashin ya gagara biya aka fitar da ginin gwanjo kuɗin bai kai ba, sunan wanda ya sa hannu za a nema, kuma hukumar da ke yi wa masu aikin kimanta gine-gine rajista, wato ESVARBON, da aka kafa tun 1975 tana da ikon cire mutum daga rajista. Kai yanzu ko hatimi baka da shi, na ogan naka ake bugawa a kan awon da ka yi, kaga amanar ta zama biyu kenan.

Mu da muka tsufa a Kwari mun san kuɗin da dillali ke faɗa daban, wanda aka sallama a kai daban. Dillali la'adarsa yake nema, in kaya sun yi tsada shi ya ji daɗi. Don haka ka taka da ƙafarka. Ka shiga shago ka gaisa da ɗan haya, ka tambaye shi nawa yake biya a shekara, in ya yarda ya nuna maka rasit. Ka hau bene ka ƙirga ƙofofin da kwaɗonsu ya yi tsatsa, don mai gini zai ce maka duk a cike suke alhali saman babu kowa, kuma shagon ƙasa mai kallon layi ba a haɗa shi da na sama ko da girmansu ɗaya. Ka ɗaga kai ka duba silin, in ka ga shatin ruwa to kwanon yana yoyo ko da an shafe da sabon fenti. In sito ne ka duba ko tirela za ta iya shiga ta juya.

Sai takardu. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, shaidar mallakar ma yawanci ta shekara 99 ce, ka duba nawa suka rage, kuma jingina sai da amincewar gwamna. Ka je KANGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filaye na jihar Kano, da kanka a bincika fayil, kar ka tsaya kan hoton takarda da aka turo maka ta WhatsApp. Gidaje da yawa an rushe su an yi shaguna amma a takarda har yau gidan zama ne, wannan dole ka rubuta shi ƙarara. Ka kuma sa kwanan wata a duk ƙiyasin da ka yi, tunda aka saki naira a 2023 aka bar kasuwa tana yanke mata daraja, farashin siminti da rodi ba ya zama wuri ɗaya.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne rabon gado. Za a kira ku ku kimanta shagunan mamaci, babban wa yana so a rage kuɗin don ya saye kason ƙannensa da arha, ga marayu a ciki da ba su san komai ba, ga mata a ɗaki suna takaba. Abin da ka gani shi za ka rubuta ko da za su yi fushi da kai.

Albashin farko ba zai yi yawa ba, ka yi haƙuri ka dage da jarrabawar NIESV, ƙungiyar masu wannan sana'a taku, har ka samu rajistarka. In kuɗin fam ya gagara ka faɗa min in turo. Ka gaida ogan naka, Ummanka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka