Wasiƙa Zuwa ga Aboki Kan Tallata Darasin Sinanci na Yara

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka game da darasin Sinanci da kuke shirin buɗe wa yara, da kuma rubutun da kake so a ɗora a intanet domin iyaye su ci karo da shi idan sun shiga bincike a Google.

Kafin ka ɗora alƙalami, ka tuna cewa ba yaron ne zai yi binciken ba. Uwa ce ko uba, galibi da waya a hannu, kuma za su rubuta tambayar ne yadda ta zo musu a rai: shekara nawa ya kamata yaro ya fara, ko darasin ta intanet ake yi, ko yaron da bai gama ƙwarewa a karatu ba zai iya. Saboda haka kada ka ɓata ƙarfinka wajen neman fitowa a sama da kalmomin "koyon Sinanci" kaɗai, domin manyan manhajoji irin su Duolingo sun daɗe da mamaye wannan fage. Ka nemi jimloli masu ɗan tsawo da suka ambaci yara da shekarunsu. Google Keyword Planner zai nuna maka yawan masu neman kowace jimla, amma ni na fi amfana da shawarwarin da Google ke jerowa tun kana cikin rubuta tambaya, domin daga binciken mutane suke fitowa.

Taken rubutun kada ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, in ba haka ba za a datse shi a shafin sakamako. Jimlar da ka zaɓa ta fito a taken da sakin layi na farko, daga nan ka bar ta ta huta. Cusa ta a kowane layi yana gundurar mai karatu, kuma Google na ɗaukar hakan a matsayin yaudara.

Inda nake so ka fi zurfafawa shi ne abin da za a koya wa yaron, domin a nan ne uba zai gane ko kun san aikinku. Ka bayyana cewa Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, na da karin sauti huɗu, kuma sauya ɗaya yana sauya ma'anar kalma, shi ya sa ake fara horar da kunne kafin hannu. Ka faɗi ko da pinyin za a fara, wato tsarin rubuta harshen da haruffan boko wanda ƙasar Sin ta amince da shi a 1958, sannan ka faɗi irin rubutun da kuke koyarwa: sauƙaƙaƙƙe na babban yankin Sin da Singapore, ko na gargajiya da ake amfani da shi a Taiwan da Hong Kong. Idan kuna shirya yara don jarrabawar YCT, wato jarrabawar auna ƙwarewar yara a Sinanci, lallai ka ambata, domin tana da matakai huɗu, na farko kimanin kalmomi 80, na ƙarshe kimanin 600. Wannan ma'auni ne da iyaye za su iya riƙewa, ya kuma fi alƙawarin cewa yaro zai iya harshen cikin wata guda, wanda ina roƙonka ka guje masa.

Gajeren bidiyo na malama tana koya wa yara ƙirga ɗaya zuwa goma zai taimaka ƙwarai, muddin iyayen yaran sun ba da izini a rubuce. Bayan wallafawa, ka haɗa shafin da Google Search Console, wato manhajar Google da ke nuna yadda shafi ke fitowa a sakamakon bincike, ka kuma yi haƙuri, domin sabon shafi kan ɗauki watanni kafin ya hau.

Ka turo mini jadawalin darussan da shekarun yaran da takardun shaidar malaman, in duba daftarin farko kafin ka sake shi. Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka abokinka,
Wassalam.