Godiya ga shagon da ya hana ni sayen batirin bogi

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne don in gode wa masu shagon da na sayi batiran sigarin lantarki a wurinsu, musamman saurayin da ke kula da kantar batura. Allah ya saka masa da alheri.

Kafin in same ku na sha wahala. Duk inda na je, sai a miƙo min batiri mai ƙyalli an rubuta 9900mAh a jikinsa, wato yawan cajin da yake ɗauka, a ce shi ne mai ƙarko. In na tambayi ƙarfin wutar da zai iya fitarwa, sai a ce ai duk ɗaya ne. Wani ma daga cikin kwalin da ke cike da tarkacen ƙarfe ya zaro min nasa.

Wannan yaro kuwa da farko sai da ya tambaye ni irin na'urata da wat nawa nake kunna ta. Sannan ya zaunar da ni ya yi min bayani, ba gaggawa. Ya ce batirin 18650, wato mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, na gaske ba ya wuce kusan 3500mAh, duk wanda ya rubuta fiye da haka sosai ƙarya ce. Ya ce abin dubawa na farko shi ne adadin wutar da batirin ke jurewa ba tare da tsayawa ba, don yawancin masu ɗaukar caji da yawa ba su da ƙarfin fitar da wuta. Ya ajiye min Samsung 25R mai 2500mAh da 20A (A ɗin shi ne ma'aunin wutar da yake jurewa) kusa da 30Q mai 3000mAh da 15A, ya ce na farkon ne ya dace da ni, ko da yake na biyun zai fi daɗewa.

Abin da ya fi taɓa ni, ya karɓi tsohon batirina ya nuna min inda ledarsa ta yage. Ya ce gangar jikin ƙarfen gaba ɗaya ɓangaren nagatif ce, idan wani ƙarfe ya haɗa ta da saman batirin, wato ɓangaren fozitif, wuta na iya tashi nan take. Ya ba ni ɗan akwatin roba, ya roƙe ni kada in sa batiri a aljihu tare da makullai ko tsabar kuɗi. Bai ɓoye min ba cewa su kansu kamfanonin ba su ƙera waɗannan batura don a riƙa yawo da su tsirara ba.

Ina ma sauran masu sayarwa za su yi haka. Abu ne da mutum ke kaiwa bakinsa, amma ana sayar da shi ba tambaya, ba gargaɗi, a sake wa tsohon batiri leda a buga masa suna a ce sabo ne.

Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Wani abokin cinikinku