Wasiƙa Kan Taswirar Wasanmu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin ƙasar da kake bai takura maka ba. Na samu saƙonka cewa kai ne za ka jagoranci wasanmu na Dungeons & Dragons, wanda muke taka rawar jarumai cikin ƙirƙirarren labari, a karo mai zuwa, shi ya sa na ga ya dace in rubuto maka abin da na koya game da shirya taswira, don kada ka sha wahalar da na sha.

Babban abin kula shi ne gidajen taswira, waɗanda nake kallonsu tamkar gidajen dara. Kowane gida yana matsayin ƙafa 5 a cikin wasan, kuma a Roll20, manhajar intanet da muke buga wasan a kanta, faɗinsa fiksel 70 ne idan ba a sauya ba. Saboda haka, kafin ka ɗora hoto, ka ƙirga gidajensa tsaye da kwance, sannan ka ninka kowanne da 70. Taswira mai gida 30 a kwance da 20 a tsaye za ta zama fiksel 2100 da 1400. Ranar da na yi sakaci da wannan lissafi, layukan hoton da na manhajar suka saɓa, jarumin abokin wasanmu Malam ya tsaya rabinsa cikin bango, muka ɓata kusan rabin sa'a muna gardamar ko kibiyarsa ta kai ga dodon. Tun daga ranar nake fitar da taswira ba tare da layuka ba, in bar manhajar ta shimfiɗa nata.

Ina roƙonka kuma ka tuna da mu da ke gida, inda sabis ke ɗaukewa kuma data ke da tsada. Ka rage nauyin hoton da GIMP, manhajar gyaran hoto wadda kyauta ce, ka adana shi a JPEG maimakon PNG, domin hoto mai nauyi kan bar wasunmu suna kallon baƙin allo alhali an fara fafatawa.

Bango da haske kuwa, wato layukan da ake zanawa a manhajar don tare ganin 'yan wasa, ka fara da manyan ɗakuna da ƙofofi kawai, ka tabbata ƙarshen kowane layi ya haɗu da na kusa da shi, don ƙaramar kafa ta isa ta tona asirin ɗakin da ka ɓoye.

Ka aiko mini da taswirar kafin Juma'a in gwada ta a wayata. Ka gaida mutan gida. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka