A Nemi Tsofaffin Mayun Sholay Tun Suna Raye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wasu bayin Allah da ake yi wa kallon marasa aikin yi, alhali wani yanki na tarihin garin nan yana cikin kawunansu. Ina nufin tsofaffin mayun fim ɗin Indiya, musamman irin waɗanda suka riƙe fim guda ɗaya tun suna samari har furfura ta game musu kai.

Ranar 15 ga Agustan 2025 fim ɗin Sholay ya cika shekara 50 da fitowa. Da farko kasuwarsa ba ta yi armashi ba, masu sharhi ma sun kushe shi, sai daga baya wanda ya gani ya riƙa faɗa wa wanda bai gani ba, har ya shafe fiye da shekara 5 ana haska shi a silimar Minerva ta birnin Bombay. Ramesh Sippy ne ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labarin, aka ɗauke shi a cikin duwatsun Ramanagara kusa da Bangalore. Wannan duk Indiyawa sun rubuta abinsu sun adana. Namu ne ya rage, wato yadda fim ɗin ya samu gindin zama a Fagge da Sabon Gari da cikin birni, da irin mutanen da suka tashi da shi.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗaya ne daga cikinsu. Tela ne, kuma tun ina ƙarami na san hoton da ke manne a saman kekensa na ɗinki: Amitabh Bachchan da Dharmendra a kan babur mai kujerar gefe. Rana ta cinye launin hoton, ya sa leda ya rufe shi, bai taɓa yarda a cire ba. A silimar Plaza ya fara kallon fim ɗin yana yaron shago, daga nan duk silimar da aka ce za a sa shi, ko Eldorado ce ko Orion ko Marhaba, to da shi za a yi layin tikiti. Da zamanin kaset ya zo ya saya, kaset ya tsufa ya koma faifai, yanzu kuma jikansa ya tura masa a waya. Bai taɓa shiga ajin koyon Indiyanci ba, amma yawan maimaici ya sa ya ji yaren, har ya zama duk bencin da ya zauna a silima samari na rububin zama kusa da shi don ya riƙa yi musu fassara. Wannan kuwa tun kafin a san za a yi kamfanonin fassara irin su Algaita. A Yulin 1992, da labarin mutuwar Amjad Khan ya iso, wanda ya fito a matsayin bos Gabbar Singh, abokansa har shago suka zo suna yi masa jaje, shi kuma ya karɓa da gaske.

Na san abin da wasu za su ce: ɓata lokaci ne, kuma al'adar wasu ce. Maganar ba sabuwa ba ce. Tun da aka buɗe Rex a 1937 silima ba ta yi farin jini a wajen iyaye da malamai ba, sannan gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa mutane tsoron wurin. Gidan 'yan iska ake ce mata, macen kirki ba ta zuwa, yaron da aka gani a ƙofarta kuwa ya shirya shan bulala. Kawu ya sha nasa rabon a hannun kakanmu. Kuma ba na musun cewa akwai waɗanda silima ta lalata, suka bar sana'a suka bi shaye-shaye. Amma shi wannan mutumin da keken ɗinki ya aurar da 'ya'yansa, liman ya san shi a sahun gaba, maƙwabta sun san shi da riƙon amana. Wani ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali, wani dambe, wani kiwon tattabaru, ba a ce musu komai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a taɓa zama an tambaye su me suka gani a ciki ba. Ana zaton rawa da waƙa da harbe-harbe ne kawai. In ka zauna da kawu, ba ta nan zai fara ba. Zai fara ne da tsohon limamin nan makaho na ƙauyen, wanda 'yan fashi suka kashe masa ɗa tilo suka ɗoro gawar a kan doki suka turo gida. Mutanen gari sun tsorata, suna neman a miƙa baƙin nan biyu da aka ɗauko don kama Gabbar, wato Jai (Amitabh) da Veeru (Dharmendra), don a zauna lafiya, sai tsohon ya yi musu magana mai ratsa jiki, aka kira salla, ya juya ya nufi masallaci a lallaɓe. Kawu yana cewa duk sanda aka zo wurin nan a silima, hayaniya ɗauke wa take yi, hatta masu gyaɗa da rake sai su daina talla. Mutanen da suka san mene ne tawakkali ba sa bukatar a fassara musu wannan.

Daga nan sai ya koma kan Radha, matar da mijinta ya mutu, mai fararen kaya, wadda ke fitowa da daddare tana kashe fitilun baranda ɗaya bayan ɗaya, shi kuma Jai yana zaune daga nesa yana busa ɗan abin busarsa. Kusan babu wata doguwar magana tsakaninsu a duk tsawon fim ɗin da ya haura awa uku. Kawu ya ce wannan ita ce soyayyar da suka sani a zamaninsu, ta kunya da kawaici, wadda ido ke faɗin abin da baki ba zai iya ba. Sai kuma abotar Jai da Veeru, da kwabon nan da Jai ke jefawa in za a yanke shawara, wanda sai bayan ya mutu abokinsa ya gane fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, ashe da gangan ya zaɓi ya tsaya a bakin gada ya mutu don ɗan uwansa ya tsira. A wajen kawu, wannan shi ne fim ɗin gaba ɗaya, sauran duk rakiya ne.

Ga wani abu da ya sa na daina raina ilimin irin waɗannan mutane. Shekara da shekaru kawu yana gardama a shago cewa ƙarshen fim ɗin bai zauna ba. Yana cewa Thakur, mutumin da aka karkashe masa iyali aka kuma sare masa hannaye biyu, ya tattake maƙiyinsa Gabbar da takalmi mai ƙusoshi har ya kai shi ƙasa, ba yadda za a yi a ce 'yan sanda sun faɗo daga sama a daidai lokacin sun karɓe shi. Akwai hannun wani a ciki. Ana ta yi masa dariya. To ashe gaskiyarsa ce. A yadda aka fara ɗaukar fim ɗin, Thakur kashe Gabbar ya yi, hukumar tace fina-finai ta Indiya ce ta tilasta a sauya, a lokacin dokar ta-ɓacin da Indira Gandhi ta kafa a 1975. A watan Yunin 2025 an nuna gyararren kwafi mai ɗauke da ainihin ƙarshen a wani bikin fina-finai a birnin Bologna na Italiya. Tela a Fagge, bai karanta sharhin kowa ba, ya gano ɗinkin da aka yi wa labarin saboda ya san shi ciki da bai.

Kuma ba su tsaya a kallo kawai ba. Su ne suka raɗa wa 'yan wasa sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Da tashar CTV, wadda yanzu ake kira ARTV, ta riƙa sa fim ɗin Indiya da safiyar Lahadi, abin ya shiga har cikin gidaje, matan da ba sa zuwa silima suka samu nasu rabo. Masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Duk wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa fina-finan Hausa suka taso da waƙa da rawa tun daga shekarun 1990, dole ya bi ta kan waɗannan benci-bencin. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi bincike mai kyau a kai, Allah ya saka, sai dai yawancinsa da Turanci yake, kuma muryar masu kallon da kansu, da bakinsu da Hausarsu, ita ce ta yi ƙaranci.

Yawancin silimun nan an rufe su, wasu sun koma shaguna da wuraren ajiye kaya. Abokan kawu da suke zuwa kallo tare, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, shi ma idonsa ya fara rauni, zare ma sai an zura masa a allura. Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware shafi ko da sau ɗaya a wata, ka tura wakili da na'urar ɗaukar magana ya zauna da irinsu: masu kallo, da masu yankan tikiti, da masu juya majigi, da waɗanda suka riƙa zagaya gari da allon talla. A tambaye su nawa ake biya, wa ke zama a gaba wa ke zama a baya, me ake yi in ruwan sama ya sauko a silimar da ba rufi, yaya ake ƙarewa in fim ya tsinke ana tsakiyar faɗa. A buga da sunayensu in sun amince, a kuma ajiye muryoyin inda ɗalibai za su same su. In kun shirya farawa daga unguwarmu, ni zan yi wa wakilinku jagora, kawu kuma ya ce zai tara waɗanda suka rage cikin abokansa.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu,
Fagge, Kano.