Barka da Sallah daga Ayalan, da amsar tambayar Kawu

Dublin, ranar Ƙaramar Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, barkanku da Sallah, barkanmu da shan ruwa. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya nuna mana na baɗi da rai da lafiya. Ina gaida Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, da Yaya da maigidanta, da yaran gida kaf. Goron Sallar yara yana hannun Yaya, a raba har da na maƙwabta. Nan ma an sauko Idi lafiya, sai dai ba ranar hutu ba ce a ƙasar, kowa ya shafa addu'a ya kama hanyar aiki.

Kawu ya daɗe yana tambaya: mutanen da ruwan sama ba ya ɗauke musu rani da damina, yaya aka yi ginin kakanninsu ya kawo yau? Wannan ba ta amsuwa a waya, shi ya sa na rubuto. A karanta masa a tsanake bayan an ci tuwon Sallah.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Newgrange, a gundumar Meath, gefen kogin Boyne, tafiyar kusan awa guda arewa da Dublin. Kushewa ce ta mutanen da, an gina ta wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta girmi dalar Giza ta Masar. Daga waje tsibi ne mai faɗin mita 85 da tsayin mita 13, kayan da aka jibga sun kai tan 200,000. An yi wa gindinsa ɗamara da manyan duwatsu 97 da aka kwantar baki da baki, su ke riƙe tsibin kada ya baje. A jikin dutsen bakin ƙofa an sassaƙa zane mai murɗewa kamar ɗinkin faifai. In ka shiga, siririn lungu ne na mita 19, wani wurin sai ka karkace, sannan ka faɗa ɗaki mai lungu uku, dama da hagu da gaba, inda aka sami ƙasusuwan mutane, wasu a ƙone.

Kawu, rufin ɗakin nan shi ne naku. Ba azara, ba ƙarfe, ba kwaɓi. Fala-falan duwatsu aka jera a zagaye, kowane sahu ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa, bakin yana tsukewa har ya rage abin da dutse guda zai rufe, mita 6 daga ƙasa. Abin da ya hana su rikitowa shi ne wutsiyar kowane dutse an danne ta da nauyin tsibin. Kuma ba a kwantar da su daidai wa daida ba: an ɗan sunkuyar da su ta baya, don ruwan da ya tsiyayo ya bi ya yi waje. A saman duwatsun da suka rufe lungun an sassaƙa 'yan hanyoyin ruwa, indararo ke nan a binne cikin tsibi inda ido ba zai taɓa gani ba. Tsakankanin duwatsu kuma an toshe da yashin teku da ƙonanniyar ƙasa. Sama da shekara 5,000 ke nan, ɗakin a bushe yake.

A saman ƙofa akwai wata 'yar taga. Ƙasan lungun yana hawa a hankali, har ya tashi kusan mita 2, ta yadda tagar ta yi saiti da daɓen ɗakin can ciki. A ranar da ta fi kowace gajarta a shekara, 21 ga Disamba, da 'yan kwanakin da ke gefenta, hasken rana yana shigowa ta tagar da ƙarfe 8:58 na safe, ya miƙe kamar zare har cikin ɗakin, ya yi minti 17 ya janye. Farfesa Michael O'Kelly, wanda ya jagoranci tonon wurin daga 1962 zuwa 1975, shi ya fara ganin haka a zamaninmu, a Disambar 1967. Yanzu ƙuri'a ake jefawa don zaɓen waɗanda za su tsaya a ciki, kuma sau da yawa hadari yakan rufe gabas su fito ba su ga komai ba. Sauran ranaku da fitilar lantarki ake kwatantawa. Ba a zuwa wurin kai tsaye: sai an kama guri tun da wuri, a je cibiyar baƙi da ke ƙetaren kogi, a haye gada da ƙafa, motarsu ta kai mutum.

Ɓarnar da ta same shi ta hannun mutum ce. A 1699 leburorin wani mai gona, suna neman dutse, suka buɗe ƙofar, aka bar ta haka kusan shekara 200, masu yawon buɗe ido suna kankare sunayensu a bango. Sannan akwai farar katangar da ke fuskar tsibin yau. O'Kelly ya tarar da fararen duwatsu masu ƙyalli, irin na tsaunukan Wicklow, a zube a gindi, ya yanke cewa katanga ce ta rushe, aka tayar da ita a tsaye da kankare da rodi a bayanta. Wasu masana har gobe ba su yarda ba, suna cewa shimfiɗa ce a ƙasa. A Knowth, maƙwabciyar kushewar, an bar irin waɗannan duwatsu a kwance inda aka same su. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da na Knowth. Abin da aka zuba wa kankare ba ya gyaruwa in gobe an gano kuskure.

Daga nan sai katangun gonaki na tsuran dutse, waɗanda suka cika yammacin ƙasar. Mafi tsufansu suna Céide, a gundumar Mayo, sun haura shekara 5,000, a binne ƙarƙashin baƙin taɓon fadama da mutanen nan ke yanka su shanya su hura wuta. Wani malamin makaranta, Patrick Caulfield, ya lura da jerin duwatsu a ƙasan ramin da yake yanka a shekarun 1930. Ɗansa Seamus ya girma ya zama masani, ya riƙa soka dogayen sandunan ƙarfe a taɓon, inda ya ji dutse ya kafa alama, har taswirar gonakin ta fito ba tare da an tone su ba.

Ga yadda ake ɗora irin wannan katanga mai fuska biyu. A kankare ciyawa da ƙasa mai laushi har a taɓa tauri, rami marar zurfi ya isa. A kafa katako a kowane ƙarshe a ja igiya, domin gindi yakan ninka kai a faɗi, kamar santimita 70 zuwa 80 a ƙasa, rabin haka a sama. Manyan duwatsu su ne sahun farko. Kowane dutse tsawonsa ya shiga cikin katanga, ƙaramar fuskarsa ta kalli waje. Wanda ya kwantar da shi a tsawon katanga don ya yi saurin cinye aiki, ya gina abin da zai ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ƙa'idarsu ita ce ɗaya a kan biyu, biyu a kan ɗaya: kada gaɓa ta hau kan gaɓa, in ba haka ba ta nan za ta tsage daga sama har ƙasa. Tsakanin fuskokin biyu a cika da ƙananan duwatsu masu kaifi, da hannu, sahu bayan sahu, kowanne a cusa shi ya zauna. Ba a juye tsakuwa da shebur, ba a sa ƙasa, ruwa zai wanke su ya bar cikin fayau, fuskokin su rufta. In an kai rabin tsayi sai a gitta dogayen duwatsu da suka ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, kusan kowace mita guda, su ne ke ɗaure ta. A ƙarshe a jera na kai a tsaitsaye, a matse. Kowace murabba'in mita tana cin kusan tan guda na dutse.

Katangar nan tana daɗewa ne saboda ruwa yana ratsa ta ya wuce, kuma in ƙasa ta motsa ita ma tana ɗan motsawa ta sake zama. Abokan gabanta saiwar itace, da shanu masu soshe-soshe, da ɓarawon dutsen kai. A tsibiran Aran ma har da gangan ake barin kafofi a katanga mai sahu ɗaya don iskar teku ta wuce. Can wata gonar ba ta da ƙofa: a sauke duwatsu a shigar da saniya, a mayar da su. Ƙasar gonar kanta haɗa ta aka yi da yashi da ciyawar teku a kan fā. Wasu katangun kuma, a tsaunukan Burren, ba su kange komai ba. An sa mayunwata sun gina su don a ba su ɗan abin sakawa a baki lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wani miliyan ya bar ƙasar.

Akwai kuma hasumiyoyi. Ku kawo Gobarau a rai, amma zagayayya, siririya, mai hular dutse. Malaman Kirista suka gina su tsakanin ƙarni na 10 da na 12, sunansu da harshen ƙasar yana nufin gidan ƙararrawa. Ta Glendalough mita 30 ce, ƙofarta ta tashi sama da mita 3 daga ƙasa, da tsani ake shiga, can ƙoli kuma taga huɗu, kowace kusurwa ɗaya. Hularta ta faɗi, a 1876 aka tattara duwatsunta na asali aka mayar.

Irin wannan siffa aka zaɓa wa Daniel O'Connell, wanda suke kira mai 'yantarwa. Lauya ne, haifaffen Kerry a 1775, lokacin da doka ta hana ɗan Katolika zama a majalisa. Bai yarda da zubar da jini ba. Ya tara talakawa, kowa yana ba da kobo ɗaya a wata, ya ci zaɓe a Clare a 1828, gwamnatin Landan ta ga ba makawa ta sauya dokar a 1829. Ya kuma yi tir da bautar da bayi a Amurka a fili, ko da hakan ya ja masa asarar magoya baya can. Ya rasu a Genoa ta Italiya a 1847. Hasumiyarsa tana maƙabartar Glasnevin a nan Dublin, mita 55, kabarinsa a gindinta. A 1971 aka tayar da bam a ciki, matakalar katako ta tafi, dutsen ya tsaya. Sai 2018 aka sake buɗe ta, taki 198 zuwa sama.

Tsofaffin gine-ginen nan masu kwaɓi da farar ƙasa aka ɗora su, wadda ake toyawa daga dutse, kuma da ita ake gyaransu: awo ɗaya nata, biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaifi. A ƙwaƙule tsohon kwaɓi da hannu, a jiƙa gaɓar, a cusa sabo, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara na wasu kwanaki don kada ya bushe da gaggawa ya tsattsage. Ba a yin aikin cikin jaura. A ƙarnin da ya wuce an liƙe da yawansu da siminti, suna nadama yanzu. Siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, sai ruwan ya maƙale a baya, sanyi ya mai da shi ƙanƙara, ya kumbura ya ɓantare fuskar dutsen. Kuɗi ake kashewa yau ana cire shi da kurfi.

Baba, wannan ta kawo ni maganar bangon zaure da Yaya ta ce ana shawarar shafe shi da siminti kafin damina. Ina roƙo a dakata. Mu ba mu da ƙanƙara, amma ciwon ɗaya ne: siminti ba ya kama jikin ƙasa, zai tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, tubali ya jiƙe a ɓoye, wata rana ɓawon ya zubo da rabin bango. Kawu ya fi ni sani. A fara duba indararo ko ya toshe ko ya gajarta, a gyara dakalin gindi yadda ruwa zai gangara waje, sannan a yi yaɓe a bi da makuba. Kuɗin aikin da na leburori zan turo ƙarshen wata, in Allah ya yarda.

A gaida liman da mai unguwa. Inna, a sa ni a addu'a.

Ɗanku.