Masu Laptop, A Yi Hattara Kafin A Koma Windows 10

Assalamu alaikum Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwa masu laptop, musamman ɗalibai da ke sayen tokumbo. Yanzu masu gyara da yawa sai su ɗora ma Windows 11 a kan tsohuwar na'ura wadda ba ta cika sharuɗɗan Microsoft ba, alhali sun ce dole sai da TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'ura) da ram aƙalla 4GB da wurin ajiya 64GB, to wasu sai su bi ta bayan gida su tsallake sharaɗin, daga baya kwamfuta ta riƙa tafiyar hawainiya fanka na ta ihu batiri ba ya jimawa, mutum ya ce shi dai a mayar masa da Windows 10.

Komawar ba laifi ba ne amma a san abu biyu. Idan sabuntawa aka yi ta kan Windows 10, kwana 10 kacal aka ba ka ka koma ta cikin saitin, bayan nan za a goge fayil ɗin Windows.old, wanda ke ɗauke da tsohon Windows ɗinka, sai dai a yi fomatin da filasha, kuma wallahi a nan ne mutane ke asarar projet ɗinsu da hotuna, don Allah a fara kwafe komai a waje.

Na biyu, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro kyauta ga kowa, sai wanda ya shiga shirinsu na ESU, wato shirin ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro. Wanda ke harkar banki a laptop ɗinsa ya tambayi mai gyara wannan kafin ya yarda a taɓa masa na'ura.

Naku,
Mai karatu daga Kano